Takardar da Na Buga a Tsaye

Ummi 'yata, wannan babin naki ne, ke da jikokin Baba Ilu, musamman Safiya da aka ce min ta yi sati ba ta je Islamiyya ba don wata ta kira ta jikar mai sayar da maki. A waya nake rubutawa, rabi a cikin adaidaita, rabi a ofis in aiki ya lafa, in kun ga magana ta karkace ku yi haƙuri. Shekarata talatin da ɗaya, na san ban isa rubuta tarihi ba, Abbanki ma dariya yake min. Amma na san halina. In na jira tsufa, zan ta goge labarin nan ne har ya koma ni ce abar tausayi. Gara yanzu da yake ci na.

Ba zan tsaya lissafa makarantun da na yi ba. Ina gama bautar ƙasa na samu aikin kula da kwamfutoci a wata makarantar kuɗi ta koyon aikin lafiya a Daura. Mahaifina ɗan Daura ne, amma ni a Kano aka haife ni, garin sai da Sallah nake ganinsa. Abba ya ce 'yarsa ba za ta kama haya ita kaɗai ba, ya ɗauke ni da akwatina har gidan abokinsa na yarinta, Baba Ilu, a cikin gari, ba nisa da Kusugu. Baba shi ne mai riƙe da kundin ɗalibai a wannan makarantar tun ranar da aka buɗe ta. A zaure Abba ya ce:

"Ilu, ga amanata nan."

"Amana kuma? Ai uwata ka dawo min da ita."

Sunana Rukayya, sunan mahaifiyarsa ke nan, don haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata kawai. Matarsa Inna Hajjo ita ma ba za ta faɗi sunan surukarta ba, sai ta sa min 'yar Kano. Ranar farko ta dire min kwanon tuwon gero ta ce, "'Yar Kano, nan ba a cin taliya sau uku a rana, in hanjinki na gayu ne ki faɗa tun yanzu." Na cinye tas don in ba ta kunya. Ta ƙaro min.

Bari in gaya muku aikin a taƙaice, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane laifina ba. Kwamfutocin makarantar duk a haɗe suke, kuma akwai babba guda, saba, wadda ke riƙe da sunan kowa da kalmar sirrinsa. Duk inda ka zauna ka buga sunanka, ita ake tambaya: a bar wannan ya shiga? Da ƙarfe nawa? A wace kwamfuta? In ya shiga me zai taɓa? Ni ce mai gaya mata amsar. Kuma duk wanda ya shiga sai ta rubuta, da lokaci, da kwamfutar da ya zauna. Da na yi wa Baba wannan bayanin sai ya ce, "A'a, ashe Sarkin Ƙofa nake kwana ina tashi da shi." Don sabar a ofishinsa take, nan ne kaɗai ake da sola da fanka mai kyau. Wanda na gada ya sa sunan Baba a rukunin admin, wato masu shiga ko'ina, har cikin sabar kanta, don in wuta ta ɗauke Baba ya tashe ta. Malami kuwa makin ajinsa kaɗai yake iya taɓawa. Sunan Baba yana buɗe na kowa.

Shi kansa Baba bai yarda da kwamfuta ɗari bisa ɗari ba. Duk abin da ya shigar sai ya sake rubutawa a babban rajista, ya ja layi da rula da jan biro, gida-gida, ya rufe kowane jadawali ta gefe huɗu. In ka kawo masa takarda da layi a karkace sai ya dube ka ta saman tabarau har ka ji kunya.

Na zo da zafina. Wata shida aka ba ni na gwaji kafin a tabbatar min da aiki, ga malamai maza suna ce min yarinyar kwamfuta, ina so su san ba wasa na zo ba. Sati na biyu na kafa doka a sabar: kowa daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, Litinin zuwa Juma'a, huɗu na bugawa ta kore ka. Kowa na sa wa, ban da mutum ɗaya. Na buɗe rukunin admin, na ga sunan Baba, na kai hannu zan cire. A karatun da na yi babu ko tantama, bai kamata ya zauna a wurin ba. Amma ga shi zaune a bayana yana jan layi, da safen nan shi ya riƙo min lema har bakin titi. Yaya zan ƙwace makulli a hannun mutumin da nake cin tuwon gidansa? Kuma shi daga sallar asuba yake wucewa ofis, dokar takwas za ta tsayar da shi a waje kamar baƙo. Na ce bari sai an kwana biyu. Na rufe.

Abin da ban sani ba, ni 'yar birni, shi ne damina. Ruwa na sauka rabin malaman suka koma manoma. Da sassafe suna gona ana noman gero, wasu har wajen Baure suke zuwa a babur, sai azahar su shigo aji da ƙurar gona a ƙafa, aikin shigar da maki kuwa sai bayan la'asar. Daidai lokacin da Sarkin Ƙofa yake kora. Malam Sani, mai koyar da ilimin magunguna, ya same ni a baranda.

"Injiniya, don Allah ƙara mana awa biyu. Ciyawa ba ta san ƙarfe takwas ba."

"Doka ce, Malam."

"Dokar wa?"

"Ta tsaro."

"To Allah ya tsare mu da tsaron nan naki."

Aka yi dariya, ni ma na yi, na wuce ina jin kaina. Minti biyu ya ishe ni in ƙara musu. Ban ƙara ba don kar a ce yarinyar ta lanƙwasu.

To ina za su je? Wajen Baba. Shi kuwa a wurinsa kalmar sirri da fartanya duk ɗaya ne, maƙwabci ya zo aro ba ka hana shi. Ban ji a bakin kowa ba, a rubutun sabar na gani: sunan Baba ya shiga a kwamfutarsa, a minti guda kuma ya shiga a lamba tara ta ɗakin malamai, ya shiga a ta laburare. Mutum ɗaya a wuri uku. Wata uku ina ganin haka kusan kullum. Sau ɗaya na taɓa masa maganar, muna tafiya gida.

"Baba, kalmar nan fa ba a ba da aronta."

"Uwata, ke kika rufe musu ƙofa, ni kuma tawa a buɗe take. In ce musu me? Su bar 'ya'yan mutane babu sakamako?"

Na ce a raina bari a gama jarrabawa in gyara komai gaba ɗaya.

Ba a gama lafiya ba. Da aka liƙa sakamako, wata malama ta ga ɗalibai uku da ta kayar da hannunta sun ci. Kafin azahar magana ta cika makaranta, wai ana sayar da maki. Shugaban makarantar, Dakta muke ce masa, ya kafa kwamiti, ya ce in kawo masa a rubuce wanda ya taɓa makin. Na zauna na duba. Ranar Laraba, biyar da minti goma na yamma, sunan Baba. Jadawalin gida bakwai ne, na ƙarshe shi ke nuna kwamfutar da aka zauna. Lamba tara, ɗakin malamai. A wannan mintin kuma sunan Baba yana buɗe a tasa kwamfutar, can ɗaya ƙarshen ginin.

Na danna bugawa. Firintar a tsaye take fitar da takarda in ba ka juya ta ba, faɗin bai isa ba, sai ta yanke gidan ƙarshe. Takarda ta fito da gida shida. Wallahi ban shirya haka ba, wannan kam gaskiya ce. Amma na gani. Na tsaya da takardar a hannu, da ɗuminta, na san dannawa ɗaya ce in kwantar da ita ta fito cikakkiya. Sai lissafi ya zo min. In gida na bakwai ya fito, za a tambayi yadda aka yi sunan Baba ya je ɗakin malamai. Daga nan sai wa ya bar shi a rukunin admin, wa ya ga ana aron suna wata uku bai ce komai ba, wa ya kafa dokar da ta jawo aron. Saura sati biyu a ba ni takardar tabbatarwa. Na ce wa kaina ai kowa ya san Baba, ba wanda zai yarda ya yi. Na sa takardar a fayil.

Mutum biyar ne a kwamitin. Baba ya shigo da farar rigarsa ta Juma'a duk da ranar Litinin ce. Dakta ya ɗaga takardar.

"Malama Rukayya, sunan wa ke nan?"

"Na Baba ne, ranka ya daɗe."

"Na'urar tana kuskuren suna?"

"Ba ta yi."

Baba ya miƙa hannu aka ba shi. Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, na ga babban yatsansa yana bin gefen dama na takardar daga sama har ƙasa. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ba harara ba, irin kallon da yake min in na fito ban karya ba. Ya mayar da kai.

"Malam Ilu, kai ka canza makin nan?"

"Ban canza ba, Dakta."

"To yaya aka yi?"

"Na ba da aron kalmata."

"Wa ka ba?"

"Mutum shida ne. Ɗaya ya ci amanata, ban san wanne ba. In na kira shida, biyar za su fita da tabon da ba nasu ba, kuma da iyalinsu a garin nan. Sunana ne a takarda. A tsaya a kaina."

Wani a kwamitin ya yi tsaki ya ce duk wanda aka kama haka yake cewa. Dakta ya juyo gare ni.

"Akwai yadda za a tabbatar wani ne ya shiga da sunansa?"

Ummi, ga wurin. Duk abin da na faɗa kafin nan gaskiya ce guntuwa. Wannan kuwa ƙarya ce cikakkiya, da bakina.

"Suna kawai take nunawa, ranka ya daɗe."

Da na faɗi gaskiya, da an yi masa faɗan ba da aro, ƙila a ba shi takardar gargaɗi, ni ma a ba ni tawa ko a sallame ni. Amma ba wanda zai ce ya sayar da maki. Sai aka ce saboda shekarunsa ya ajiye aiki da kansa, a rufa asiri. Wane asiri a Daura? Kafin Juma'a har masu shayi sun ji.

Dakta ya ce in rufe sunan Baba a ranar. Na je ofis na tarar yana zuba rularsa da birukansa a leda. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Ya jawo min kujera.

"Zauna, Uwata. Rufe. Aikinki ne."

Na cire shi daga rukunin da na ji kunyar cire shi wata biyar da suka wuce, na kashe sunan. Ko minti ɗaya ban yi ba.

"Har an gama?"

"An gama, Baba."

"Kai, Sarkin Ƙofa ba ya ɓata lokaci." Ya ɗan shafa saman sabar. "In wuta ta ɗauke, ki jira fitilar nan ta daina ƙiftawa kafin ki kunna. Ba ta son gaggawa."

Da yamma gida ɗaya muka koma, shi a gaba ni a baya. Inna Hajjo tana tsakar gida tana tuƙa tuwo tana zazzaga wa munafukan makaranta masifa, ta ce shekara goma sha takwas mutum bai taɓa shigo da ko allin makaranta gidan nan ba. Sai ta juyo da muciya a hannu.

"Ke 'yar Kano, duk bokon nan naki, ba ki iya matsa wa na'urar ta faɗi gaskiya ba?"

"Hajjo, bar ta ta ci abinci," in ji Baba daga kan tabarma. "Yau ta gaji."

Ta saka min tsokar da ta fi girma, ta ce in ci, ai ni ma an wahalar da ni. Na ci. Wannan ma ku rubuta a kaina.

Satin da ya biyo na ƙara wa malamai lokaci zuwa shida, na raba rukunai yadda ya kamata, kowa da iyakarsa, na hana suna ɗaya shiga wuri biyu. Aikin da bai kai rabin yini ba. Dakta ya yaba min a taro, takardar tabbatarwa ta fito. A gida kuwa abin da na riƙa gani shi ne zaure. Da, bayan la'asar cika yake da masu kawo wa Baba fom, na makarantar yara, na asibiti, na neman aiki, shi zai cike musu da rubutunsa mai kyau. Sai suka fara raguwa. Ba wanda ya zage shi, gaisuwa ma ba a fasa ba, takarda ce dai aka daina ba shi. Yakan fito da biro a aljihu ya zauna har magariba ya koma da shi. Wata huɗu na iya jure kallon wannan, na samu aiki a Kano na gudu. Kafin in tafi na kwafe rubutun sabar na watannin nan duka a filasha, na jefa a ƙasan jaka. Ban san me na yi niyyar yi da shi ba.

Duk Juma'a sai Baba ya kira ni. "Uwata, ya Sarkin Ƙofar Kano, yana jin magana?" Ni kuwa sai in ce ina mitin, zan kira. Ya zo ɗaurin aurena a motar haya, ya zo sunanki, Ummi, shi ya fara yi miki addu'a bayan liman. Na shirya maganar da zan gaya masa ta fi sau ashirin, har a wayar nan na taɓa rubuta ta. Kullum sai in ce sai Sallah in na je. In na je kuma sai in ga gidan da mutane, in ce sai wata Sallar. Shekara huɗu. Daminar bara ya kwanta kwana tara, ya rasu.

Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, Inna Hajjo ta aika a kira ni ɗakinta. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba. Ta jawo jakar takardunsa ta zaro wata a ninke huɗu. Tun kafin ta buɗe na gane ta.

"Sai da ya kwanta ciwon nan ya nuna min," ta ce. "Ya ce, Hajjo, duba nan. Jadawali bango huɗu gare shi, wannan uku ne, na dama babu. An bar wani abu a waje. Ya ce tun a ɗakin kwamitin ya gani."

Na kasa ɗaga kai.

"Na ce to Malam, me ya hana ka magana? Ya ce yarinyar saura mata sati biyu a tabbatar mata da aiki, kuma ubanta a hannuna ya sa ta. Ya ce za ta faɗa da kanta in ta shirya. Duk Juma'ar nan da yake kiranki, kin ɗauka na'ura yake tambaya?"

Na fara kuka ina cewa ta yafe min. Ta bar ni na yi mai isata.

"Ya ce kar in yi miki faɗa. Ban amsa masa ba, shiru na yi, ya ɗauka na yarda. To ba zan yi ba, ba ni da ƙarfinsa. Shi ya yafe, ya faɗa a gabana sau biyu. Ni tawa sai a hankali. Tashi ki wanke fuska, akwai mutane a waje. In kin gama, sunansa yana nan inda kika bar shi."

Na koma Kano na tono filashar. Na buga komai, shafi talatin da wani abu, na dawo Daura na ajiye a gaban Dakta, na gaya masa abin da na gaya muku, ban rage ba. Ya karanta, ya cire tabarau ya yi salati, ya ce me ya sa sai yanzu. Ya rubuta wa iyalin wasiƙa cewa makaranta ta wanke Malam Ilu, babban ɗan Baba ya karanta ta a zaure. Mutum goma sha wani abu ne a wurin. Waɗanda suka ji labarin farko gari guda ne. Wanda ya canza makin kuwa har yau ban san shi ba. An ce min Malam Sani ya fi kowa kuka a maƙabarta, na hana zuciyata fassara kukan, don mai sunan ma bai yarda a taɓa biyar saboda ɗaya ba.

Inna tana ɗaukar wayata yanzu, tana tambayar Ummi, tana aiko mata da ƙuli-ƙuli. Amma Malama take ce min. 'Yar Kano ta tafi, Uwata kuma babu mai faɗa.

Safiya, na sa hoton takardar a ƙarshen babin nan, a kwance na buga ta wannan karon. Duk wadda ta sake gaya miki maganar nan, kar ki yi kuka, kar ki yi faɗa. Buɗe ki nuna mata layin ranar Laraba, ki sa yatsa ki bi shi har bangon dama. Gida na bakwai, kwamfuta lamba tara. Kakanki bai taɓa zama a gabanta ba.